A Rataye Kunya a Ƙofar Sito

Maigatari,
ranar Juma'a da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Gagarawa lafiya, ya sa ɗakin da suka ba ki ba ya yoyo, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya tsare ki a fita da shiga. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka, ko da yake tun kafin motarku ta kai Gumel suka fara rigima a kan wanda zai gaje katifarki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ga waya a hannunki ga waya a hannuna. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da in riƙe biro in cika shafi tun ina firamare a Ɗanzomo. Akwai maganar da ba zan iya faɗa miki kina kallona ba, ko kina jin muryata. Takarda kuwa ba ta ɗago kai ta dube ni. Ke ce ta fari, kuma kin san yadda ake tsakanin uwa da 'yar fari a wurinmu. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa yaba miki a gaban mutane ba, kina ƙarama in kin faɗi sai dai wata ta ɗaga ki ni in kau da kai. "Ke 'yar nan" nake cewa, ki amsa. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka ni ma na yi miki.

Ran da kika zazzage mini kayan aikinki a tsakar gida, hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki da rigar nan mai walƙiya, kika ce kamfanin tace riɗi ya ɗauke ki ki riƙa lura da ma'aikata kada wani ya ji rauni, cewa kawai na yi Allah ya sa albarka, na juya na ci gaba da tankaɗe. To, yau ki sani, daɗi ne ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Na tsufa ina tsintar riɗi da zoɓo a sito a garin nan, da faifai a cinya, ga shi 'yata za ta shiga irin wurin da hula a ka, ana sauraron abin da za ta ce. Na gode wa Allah, kuma ina alfahari da ke.

Amma ba hular ce ta sa na ɗauki biro ba, bakinki ne. Ke goyon kaka ce. Inna ta rene ki a Ɗanzomo, ta kuma rene ki da kyau: ba kya haɗa ido da babba, ba kya miƙa wa namiji ruwa a tsaye, in kina magana sai an karkato da kunne. Duk wanda ya gan ki sai ya ce a gaishe da gidanku. To, waɗanda za ki lura da su a Gagarawa, rabinsu sa'annin babanki ne, wasu ma sun yi jika da ke. Wata rana wani dattijo zai tsaya inda bai kamata ba, ke kaɗai za ki ga abin da ke tafe, kuma ba za ki sami lokacin gaisuwa ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: ranar za ki buɗe baki ki daka masa tsawa, ko kunyar da muka koya miki za ta riƙe miki harshe?

Kin san Malam Ilu mai sikeli a sitonmu, kin san ɗingishinsa da sandarsa. Amma ba na jin an taɓa ba ki labarin yadda abin ya faru, don a lokacin kina Ɗanzomo kina tatata.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa. Kaka ta yi kyau a shekarar, riɗi ya cika sito har ya fito waje. Wata babbar mota ta zo daga Damagaram, irin wadda direbobinsu ke kira kamiyo, tana yin baya za ta shigo ƙofa a sauke kaya. Injin tace riɗi yana ta ruri, sai ka matso kusa da mutum kake jin abin da yake cewa. Wanda ya kamata ya tsaya a baya yana ba direba hannu ya tafi alwala. Malam Ilu kuwa ya sunkuya yana gyara sikelinsa da ya karkace, ya ba motar baya.

Habu ɗan dako shi ne ya fi kowa kusa, shi ne kuma ya fara gani. A lokacin bai daɗe da auren 'yar Malam Ilu ba. Ina zaune can gefe da faifaina, sai na ga Habu ya jefar da buhu ya nufi surukinsa. Ba gudu sosai yake ba, don gudu a gaban suruki ma rashin ɗa'a ne. Sauri yake yana rissinawa, yana cewa, "Baba, Baba, Allah ya gafarta Malam," da irin muryar da ake gaisuwa a zaure. Har na ce a raina, wannan yaro wace irin gaisuwa ce da tsakar rana? A siton nan waɗanda ake kira Baba suna da yawa, ga ƙarar inji. Malam Ilu bai waiwaya ba. Taya ta hau ƙafarsa.

Aka kai shi asibiti a Gumel. Da muka je dubiya, mu mata, muka tarar da Habu zaune a ƙasa a bakin taga, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Tausayinsa ya kama ni, na ce masa, "Habu, share hawayenka, ƙaddara ce. Ai kai ka yi abin da ɗan kirki zai yi. Wa zai daka wa surukinsa tsawa?" Matan duk suka ce gaskiya ne, yaro mai tarbiyya ke nan.

Ashe gadon Malam Ilu yana jikin tagar. Sai muka ji murya daga ciki: "Asabe, shigo. Shigo min da yaron nan."

Muka shiga muka durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Ke ce kike yaba masa?" Ya yaye zanen da aka rufe masa ƙafa ya ce, "Ku duba. Da yaron nan ya ce, 'Kai Ilu, kauce!' da na ji haushinsa, da na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa, amma da ƙafata zan tafi masallaci. Ya ba ni girma, na gode. Ga girman nan an naɗe shi da bandeji."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na zo lallashi, ashe ina koya wa duk wanda ke wurin cewa gobe ma in ya ga haka ya yi shiru. Saboda haka ga shawarata ta farko. In wani ya ji rauni a wurin aikinki, za ki ji ana cewa ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Allah. Ki ce haka ne, ki yi wa mutum jaje da zuciya ɗaya. Amma bayan an watse ki zauna ki tambaya, wa ya gani, kuma me ya hana shi magana. Kada ki tambaya don a kama mai laifi, don Habu ba mugu ba ne, abin da aka koya masa a gida ya yi. Ki tambaya don ki san abin da ke ɗaure wa mutanenki baki.

Da Malam Ilu ya warke ya dawo da sanda, bai koma kan sikeli ba sai da ya shiga wurin Alhaji mai sito suka daɗe suna magana. Washegari da safe, kafin a tada inji, aka tara mu duka. Aka yi addu'a kamar yadda aka saba, sannan ya ce mu yi da'ira, maza gefe guda mata gefe guda. Ya ce daga yau kullum safiya kowa zai kira sunan wanda ke damansa, sunan tsurarsa, ba Malam ba Alhaji ba Hajiya, kuma da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji. Wani ya ce, "Malam, ai in abu ya taso kowa zai yi ihu." Ya ce, "Habu ma haka yake zato. Bakin da bai taɓa faɗar sunan ba, ba ranar firgici zai koya ba. Kuma in ka ce 'kai' a cikin ƙarar inji, kowa zai ɗauka da wani kake. Sunan mutum ne kaɗai ke tsayar da shi."

Daga nan ya ɗingisa ya je ya tsaya daidai daman Habu.

'Yar nan, da kin ga Habu ranar. Gumi ya jiƙa masa riga tun ba a ɗauki buhu ko ɗaya ba. Malam Ilu ya ce, "Bismillah." Habu ya ce, "Baba." Ya ce, "Ba Baba na ce ba." Habu ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya dubi ƙofa kamar zai ruga. Ya ce, "Malam I..." ya maƙale. Malam Ilu ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ko sai an sake kawo kamiyo ta taka ɗayar?" Sai Habu ya runtse ido ya ce, "Ilu!" da wata 'yar siririyar murya kamar ta ɗan akuya. Sito ya ɗauki dariya, har masu riƙe ciki. Malam Ilu ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Na'am, ɗan albarka. Gobe ka ƙara ƙarfi."

Alhaji ma bai tsira ba. Ya so ya tsaya daga gefe yana kallo, Malam Ilu ya ce ai shi ma buhu bai san Alhaji ba ne. Inda layin mata ya haɗu da na maza, Iya Tabawa ce a tsaye, wadda ta girme mu duka, kuma ta san Alhaji tun yana yawo ba wando. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Ɗanjuma!" har sai da tattabarun da ke kan rufi suka tashi. Wasunmu ranar muka fara jin sunan Alhaji. Ya yi dariya ya ce, "Iya, kamar dama jira kike." Ta ce, "Na daɗe ina jira."

Kada ki ɗauka kowa ya ji daɗi. Akwai waɗanda suka yi ta guna-guni cewa ana koya wa yara fitsara, wani ma ya hana ɗansa zuwa aiki na ɗan lokaci. Abin da ya kashe maganar shi ne iyakar da Malam Ilu ya sa. Ya ce, "Ni ban ce ku zubar da kunya ba. Ku rataye ta a ƙofar sito tare da babbar riga, in an tashi kowa ya ɗauki abinsa." Haka kuwa aka yi. Har yau in Habu ya hango surukinsa a kasuwa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, in ya sami hali ma ya canza hanya. Amma a cikin sito, in ya kira "Ilu!" ana ji daga bakin titi.

To, ni ce na kusa ɓata abin da hannuna, ko in ce da bakina, wanda kin san ba ya zama wuri ɗaya. A lokacin an riga an naɗa ni shugabar mata masu tsinta. Aka kawo mana wata sabuwa daga wajen Sule Tankarkar, Ladi, mai shiru-shiru. Wata rana muna zaune gindin buhunan zoɓo da aka jera har kusa da rufi, sai ta zabura ta ƙwalla, "Tabawa, tashi!" Duk muka watse, faifai ya yi nan rariya ta yi can, zoɓon da muka wuni muna tsinta ya koma cikin ƙasa, Iya Tabawa ta bar takalminta. Muka tsaya daga nesa muna jira. Ko buhu ɗaya bai motsa ba. Haushin aikin da ya lalace ya kama ni, na ce, "Sannu Ladi Ƙararrawa, gobe in kuda ya sauka a buhu ki tashe mu." Aka yi dariya, sunan kuma ya bi ta.

An daɗe bayan haka, sai na lura da wani abu. Wata safiya Ladi ta zo ta shimfiɗa tabarmarta inda ta saba, ta ɗaga kai ta dubi buhunan, sai ta naɗe tabarmar a hankali ta koma can nesa, ba ta ce wa kowa komai ba. Mu kuwa muna zaune a gindinsu muna hira. Na bi ta na ce, "Ladi, lafiya kika canza wuri?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, na ga na saman can ya karkace. Amma na ce kada in sake jawo wa kaina dariya."

Na kira 'yan dako suka hau suka duba, suka tarar wani buhu a ƙasa ya fashe, na kansa duk sun zame. Suka sauke suka sake jerawa. Washegari a da'ira na nemi gafarar Ladi a gaban kowa, na ce duk wanda ya sake kiran ta da sunan nan ni da shi ne. Daga ranar aka ƙara wata doka: duk wanda ya yi ihun a kauce, ko abu ya faɗi ko bai faɗi ba, ba a ce masa komai sai "mun gode."

Wannan ki riƙe shi da kyau. A Gagarawa ma ranar za ta zo da wani zai yi ihu a tsayar da inji, a duba a ga ba komai, manaja ya fito yana ɓacin rai an ɓata masa lokaci. Duk ma'aikata ke za su zuba wa ido. Abin da kika yi a wannan lokacin shi zai nuna musu ko gobe su yi magana ko su naɗe tabarmarsu su koma gefe. Ki je wurin mutumin a gaban kowa ki gode masa. In manaja zai yi faɗa, ya yi da ke a ofis.

Sai kuma maganar hijabi, wadda ko yanzu in na tuna sai in yi wa kaina dariya. Da aka ce duk macen da za ta matsa kusa da inji ta sa gajeren hijabi ta cusa bakinsa cikin riga, ni na fara cewa ban yarda ba. Na ce, "Ni Asabe, da girmana, in yi yawo a gaban maza kamar 'yar firamare?" Tun da shugaba ta ƙi, sauran ma suka ƙi. Na ci gaba da jan nawa har ƙasa.

Rannan na je kwashe riɗi a bakin inji. Na sunkuya, iska ta ɗebi gefen hijabin ta kai shi ga bel ɗin da ke juya injin, ni ko ji ban yi ba. Sai na ji, "Asabe! Tsaya! Kada ki motsa!" Wallahi jikina ya tsaya tun kafin hankalina ya gane abin da ake ciki. Aka kashe inji. Lokacin ne na ji ashe abu ya riga ya fara ja na a wuya. Da na ɗago na taka gaba yadda na yi niyya, da sauran hijabin ya bi, ni ma na bi. Mai ihun kuwa Habu ne, wanda tun da yake bai taɓa ce mini komai ba sai Gwaggo.

Da aka tashi, ina fita ƙofa na tarar da shi a durƙushe yana jira na. Ya ce, "Gwaggo, a yi mini afuwa, na ɗaga miki murya." Na ce, "Tashi, Habu. In ka sake neman afuwa a kan wannan, ni da kai ne." Ina dariya hawaye na zuba. Hijabin nan shi ne mai ruwan ƙasan nan da nake rufe ƙullun koko da shi, wanda kika taɓa tambaya ta me ya cinye masa gefe na ce miki ɓera ne.

Saboda haka in matan wurinki suka ƙi gajeren hijabi, kada ki ɗauke su jahilai, mutuncinsu suke karewa. Kada ki tsaya karanta musu doka. Ki nemi tela ku zauna da su a ɗinka wanda zai rufe ƙirji da baya amma ba ya kaɗawa, ke ki fara sawa, sannan ki nemo irina a cikinsu, mai taurin kai wadda ake jin maganarta, ki lallaɓa ta. In ta sa, kin gama da sauran.

Haka nan maganar kiran suna. Kada ki isa wurin ki ce ga abin da ake yi a Maigatari, za su ce yarinya ta zo da iyayi. Ki fara gano wane ne Malam Ilun wurin, dattijon da in ya yi tari kowa ke gyara zama. Ki same shi a waje, ba a cikin kamfani ba, ki durƙusa ki gaishe shi yadda Inna ta koya miki. Ki ba shi labarin ƙafar Malam Ilu, ki ce, "Baba, ina neman izini, in na ga abu zai same ka, in kira sunanka." Ban taɓa ganin dattijon da aka roƙa haka ya ƙi ba. In ya yarda, shi zai tara sauran, ba ke ba. Kuma kada ki tsame kanki. Ki shiga da'irar, mai shara ya kira naki sunan ba Hajiya ba Madam, ki amsa da fara'a. In ba da'ira ce ta dace da su ba, ku nemi wata dabara tare. Abin nema dai shi ne bakin ƙarami ya saba da sunan babba tun ana zaman lafiya.

Yanzu saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar.

Kin tuna lokacin da makarantarku ta turo ki sitonmu sanin makamar aiki. Kullum da safe in an yi da'ira, ko kin lura ba ki taɓa tsayawa kusa da ni ba? Ba haka kawai ba ne. Iya Tabawa da Ladi ne suke kutsawa tsakaninmu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ba tare da na roƙe su ba. Sun san ba zan iya ba, sun kuma san ke ma ba za ki iya kiran nawa ba, sai suka rufa mana asiri. Malam Ilu kuwa babu abin da ke wuce idonsa. Wata rana ya tsayar da ni a wurin sikeli ya ce, "Asabe, kowa ya rataye kunyarsa a ƙofa, ke kin ɓoye taki a hijabi kin shigo da ita." Na ce, "Malam, wannan daban ce, 'yar fari ce fa." Ya ce, "Ni ma daban nake a wurin Habu." Bai kuma tilasta mini ba.

Duk watannin da kika yi a sitonmu, in na ga kin bi ta gindin buhuna ko kin matsa kusa da inji da takardarki, sai in ajiye faifai in bi ki da ido. Ina tambayar kaina, in abu ya zame yanzu me zan ce? "Ke 'yar nan," a sito cike da 'yan mata? Allah ya rufa asiri kika gama lafiya. Amma na san ba dabarata ce ta tsare ki ba, kuma na san ni da ke ne kaɗai a siton nan da ba mu cika aikin ba. Ta yaya zan ce ki daka wa dattawan Gagarawa tsawa, alhali uwarki ta kasa faɗar sunan da aka raɗa miki a ɗakinta?

To, tun ran da kika tafi na fara. Da safe in ina dama koko a madafa, ba kowa, sai in faɗa a hankali. Ranar farko irin muryar Habu ce ta fito, ta ɗan akuya, har na waiwaya ko wani ya ji. Washegari na ƙara ƙarfi kaɗan, kamar yadda Malam Ilu ke cewa. Shekaranjiya dai na saki murya gaba ɗaya. Sai ga babanki ya fito daga ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya yana cewa, "Ta dawo ne? Lafiya?" Ƙannenki suka yi cirko-cirko a tsakar gida suna kallona kamar sun ga baƙuwa. Na ce, "Ba ta dawo ba, baki nake motsawa." Ya tsaya ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ashe kin san sunan." Na ce, "Ni na haife ta." Ya koma ɗaki yana dariya, ni kuma na ƙarasa damuna, raina fes.

In kin zo hutu kada ki sa rai, a gaban mutane "ke 'yar nan" za ki ci gaba da ji, na riga na tsufa a haka kuma ba na jin nauyinsa. Amma ki sani bakin ya koya, yana nan a shirye. Ke ma ki fara tun yau, a ɗakinki, da sunan dattijon da kika fi jin nauyinsa a wurin. Ki faɗa har ya daina maƙale miki a wuya.

Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na wuta, ya tsare duk wanda aka damƙa miki amanarsa, ya sa kowannensu ya koma gida da ƙafafunsa. Allah ya ba ki kunya a waje, ya ba ki murya a ciki. Ya dawo mana da ke lafiya.

Allah ya yi miki albarka, Saudatu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Asabe. In kika gan ni a gindin buhun da ya karkace, haka za ki kira ni.